Wainar Gero da Mahaɗanta

Duk wanda ya taɓa halartar suna ko ɗaurin aure a ƙasar Tasawa da Mayahi ya san abin da ke fara fitowa daga cikin gida. Tun ba a sauke tukunyar shinkafa ba, tun naman rago bai nuna ba, yara ke ratsa taro da kwanoni rufe da faifai. A ɗaga faifan, sai ga waina a jere tana tururi, gefenta ja, cikinta a kumbure. Kusa da ita akan ajiye ƙananan kwanoni: wannan yaji, wannan miya, wancan zuma ko sukari. Kowa ya miƙa hannu ya ɗauki ɗaya, ya dangwala a abin da ransa ke so, ya taushe cikinsa kafin babban abinci ya iso.

Yabo kuwa kusan kullum mahaɗi ke kwashe shi. Za ka ji ana cewa yajin nan ya yi, miyar nan ta ji daddawa, amma da wuya a tsaya a yaba wa wainar kanta, alhali ita ke ɗauke da komai. Yaji komai ƙamshinsa, in aka barbaɗa shi kan waina mai tauri, an yi ɓarna. Miya komai kyanta, in waina ta narke a cikinta ta koma kunu, an yi asara. Ilimin wannan sana'a yana kwance ne a jikin wadda ake ɗora wa kaya, kuma aikinta yakan fara ne kwana guda kafin baƙo ya zauna kan tabarma.

Wannan dabara ta tarbar baƙo da ɗan abu mai ɗauke da mahaɗi iri-iri tana nan a wurare da yawa. A Italiya, musamman yankin Taskani, ana yanka burodi sala-sala, a shafe shi da man zaitun, a gasa har ya yi ƙaras, sannan a ɗora masa niƙaƙƙiyar hantar kaza ko tumatir ko cuku. Crostini suke ce masa, kuma shi ake fara miƙa wa baƙi kafin abinci. A Kano akwai gurasa, wadda ake jiƙawa kaɗan, a barbaɗe ta da garin ƙuli-ƙuli da yaji da mai da albasa, ta zama bandashe. Su duka da alkama suke aiki, ita kuwa alkama mai sauƙin kai ce, domin garinta yana da danƙo na halitta wanda ke riƙe iska idan kwaɓi ya tashi. Gero ba shi da wannan danƙo ko kaɗan. Macen da za ta sa garinsa ya kumbura, ya yi laushi, ya kuma tsaya da kansa, sai ta nemo masa abin da bai zo da shi ba. A nan gwanintar take.

Gero tsohon abokin zaman mutanen Sahel ne. Masu tonon kayan tarihi sun sami shaidar nomansa a kwarin Tilemsi na ƙasar Mali tun kimanin shekara 4,500 da suka wuce, kuma har yau Nijar tana sahun gaba a duniya wajen noma shi. A jigawar Tasawa da Mayahi, inda damina ba ta wuce wata uku zuwa huɗu, shi ne tuwo, shi ne fura, shi ne kunu. Akwai zango mai dogon kai wanda aka gada kaka da kakanni, akwai kuma irin da cibiyar binciken noma ta ƙasa, INRAN, ta inganta, kamar HKP mai saurin nuna. Mai waina ba ta buƙatar a gaya mata sunan iri. Hannunta da haƙorinta su ke yi mata bayani.

Je ka kasuwar Tasawa ranar Lahadi, ko ta Mayahi ranar Litinin, ka tsaya kusa da ita a rumfar ƴan hatsi. Kafin ta tambayi kuɗin tiya, wato kwanon awon da ke cin kimanin kilo biyu da rabi, sai ta tsoma hannu cikin buhu har wuyan hannu, ta ɗebo daga ƙasa, ta baza a tafi. Tana duba ko ƙwayar ta cika, ko ƙwari sun huda ta, ko yashi ya yi yawa. Ta kai hanci ta ji ko akwai warin danshi. Ta ɗauki ƙwaya ɗaya ta ciza: in ta fashe da ƙara, hatsin ya bushe sarai, zai sha ruwa da yawa, ƙullu kuma zai yi auki. Duk wannan a cikin ɗan lokacin da wani ke yi yana gaisawa da mai rumfa.

A gida, aikin farko shi ne surfe. Takan zuba hatsin a turmi, ta yayyafa masa ruwa kaɗan don fatarsa ta yi laushi, sannan ta soma daka. Dakan surfe daban yake da dakan gari. Taɓarya ba ta sauka da dukan ƙarfinta, ana sakin ta ne ta zame ta gefen turmi, ƙwayoyin su riƙa gugar juna har fatar ta saɓule ba tare da ƙwayar ta farfashe ba. In aka yi ƙarfi da yawa, hatsi ya zama gari tun lokacinsa bai yi ba, ya bi dusa ya tafi. In aka yi sakaci, dusa ta rage, waina ta fito da duhu da ɗan ɗaci. Daga nan sai bakace: a zuba a faifai, a riƙa wurga shi sama ana tarewa, dusa ta taru a baki ɗaya a kaɗe ta. Ba a zubar da komai. Dusa ta awaki ce, haka ma ƙasari, ruwan farko da aka wanke surfaffen hatsi da shi.

Sai regewa, wadda a wannan ƙasa mai yashi ba a wasa da ita. Ana sussukar hatsi ne a ƙasa, don haka tsakuwa da yashi ba sa rabuwa da shi. Takan sa hatsin a ƙwarya da ruwa, ta riƙa karkata ta tana girgizawa a hankali, hatsi na gangarawa cikin wata ƙwaryar, yashi mai nauyi yana zama a gindi. Ta zubar, ta sake, har sai gindin ƙwarya ya fito fes. Tsakuwa ɗaya tak da ta shiga haƙorin baƙo ta isa ta shafe wahalar yini guda, kuma mai waina ta san da haka. Bayan hatsin ya tsane a kan tabarma, sai a kai shi injin niƙa, ko a koma turmi a inda inji ya yi nisa. A dawo a tankaɗe da rariya. Gari mai laushi ya sauka ƙasa, tsaki, wato ɓarzajjen da bai niƙu ba, ya tsaya a sama.

Wanda bai sani ba zai ɗauka tsakin nan saura ne da za a sake niƙawa. Shi ne kuwa ginshiƙin wainar. Takan ɗora ruwa a wuta, in ya tafasa ta zuba tsakin tana juyawa da muciya har ya dahu ya zama kunu mai kauri. Abin da ke faruwa a tukunyar shi ne, sitacin da ke cikin hatsi yana shan ruwan zafi ya kumbura ya yi yauƙi, wannan yauƙi kuma shi zai tsaya a madadin danƙon alkama, ya riƙe iskar da za ta taso cikin dare. Yawanci kashi ɗaya cikin uku ko huɗu na hatsin ake dafawa. In dafaffen ya yi yawa, waina ta yi caɓal ta manne wa tanda. In ya yi kaɗan, ta fito a bushe tana marmashewa. Masu yin wainar shinkafa ma wannan hanya suke bi, su dafa wani kashi su haɗa da ɗanyen da aka jiƙa kafin markaɗe.

Ba a haɗa kunun da gari sai ya huce daidai yadda yatsa zai zauna a ciki ba tare da an janye shi ba. Da zafi, zai dafa garin ya kuma kashe abin da zai tayar da ƙullu. Da sanyi, zai yi gudaji ya ƙi haɗuwa. In ya kai wannan matsayi, sai ta riƙa zuba gari tana damawa da hannu, tana murje duk wani gudaji tsakanin yatsu, har kwaɓin ya zama ƙullu mai kauri. Da gangan take barin sa da kauri, domin ta san zai saki jiki kafin safiya. Mai tuya kullum takan zuba ɗan ragowar ƙullun jiya a ciki ya zama iri. Wata takan sa ɗan nono, ta birni takan sa yis, wata kuma ta bar shi haka nan a tukunyar da ta saba da aikin. A rufe, a ajiye, ya kwana.

Cikin dare wasu ma'aikata ke karɓar aikin, ƙananan halittu da ido ba ya gani. Iri biyu ne. Akwai masu kawo tsami, dangin waɗanda ke mayar da madara nono, akwai kuma masu cin zaƙin hatsi suna fitar da iska, waɗanda ke sa ƙullu ya cika da kumfa ya taso. Mai waina ba ta taɓa ganin su ba, amma ta san halinsu sarai. Ta san suna son ɗumi. Da bazara, a watannin Afrilu da Mayu lokacin da zafi ke haura digiri 40, ƙullun da aka kwaɓa da la'asar zai wuce gona da iri kafin asuba, saboda haka takan jinkirta kwaɓi sai bayan isha'i, ta ajiye tukunyar a inda iska ke bugawa. Da hunturu kuwa, a Disamba da Janairu, takan kwaɓa da wuri da ruwan ɗumi, ta naɗe tukunyar da tsohon zane, ta matsar da ita kusa da murhun da aka gama tuwo. Ba ta da ma'aunin zafi, tana da dai lura ta yau da gobe.

Kafin kiran sallar asuba ta tashi. Ta buɗe tukunya ta duba: ƙullu ya hau, fuskarsa ta yi ƙananan ƙofofi, ƙamshin tsami mai daɗi ya bugi hanci. Ta lakata ta ɗanɗana, kuma wannan ɗanɗano shi zai gaya mata yawan kanwar da ake bukata yau, domin tsamin jiya ba shi ne na yau ba. Kanwar, ko ja ko ungurnu, irin wadda ake haƙowa a ƙasar Manga da gefen tafkin Chadi, tun daren jiya ta jiƙa ta, laka ta kwanta, ta tsiyaye ruwan sama mai haske. Da ruwan kanwa ya haɗu da tsami sai su kashe kaifin juna, kuma a wajen haɗuwar tasu wata sabuwar iska ke fita, ƙullu ya ƙara tashi a gaban idonka. Kaɗan-kaɗan take ɗigawa, tana juyawa, tana ɗanɗanawa. In kanwa ta gaza, tsami ya kama muƙamuƙi. In ta zarce, waina ta yi launin ɗorawa mai duhu, ta riƙa ɗanɗanon sabulu, kuma babu gyara.

Akwai wata hikima a nan da ba kowa ke lura da ita ba. Gwana ba ta gyara ƙullun duka a lokaci guda. Takan ɗebi wanda za ta toya yanzu a ƙaramar ƙwarya, shi kaɗai za ta sa wa kanwa da gishiri da sukari da yankakkiyar albasa, sauran ya jira. Dalili shi ne tashin da kanwa ke kawowa ba ya daɗewa, sukari kuma in ya zauna a ƙullu yakan tsinka shi ya ƙara masa tsami. Gishirin da take barbaɗawa shi ma tsohon baƙo ne a wannan ƙasa: a watan Janairun 1851, tare da ayarin gishirin Abzinawa matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, ya iso Tasawa, raƙuma ɗauke da kantun Bilma, irin ayarin da ke komawa arewa da hatsi. In kayan sun shiga, sai ta buga ƙullun da ludayi, ta ɗaga ta tsiyayo. Wanda ya yi daidai yakan zubo a haɗe bai tsinke ba, bai kuma tsaya a ludayi yana jiran a girgiza shi ba.

Sai tanda, kaskon nan mai ramuka a jere. Akwai ta ƙarfe da ta alminiyam, masu sauƙin ɗauka da saurin zafi, amma tsofaffin hannu sun fi yarda da ta yumɓu wadda magina ke ginawa. Yumɓu yana jinkirin ɗaukar zafi, in ya ɗauka kuma yana riƙe shi, yana sakin sa a hankali, cikin waina ya nuna kafin bayanta ya ƙone. Sabuwar tanda sai an hore ta: a shafe ramukan da mai, a ɗora a wuta, a bari ta huce, a sake, har ƙofofin yumɓun su sha mai su toshe. Duk da haka tuyar farko takan manne. Shi ya sa tsohuwar tanda, wadda ta yi baƙi tana sheƙi, take da daraja a wajen mai ita. Ba a dirje ta da sabulu, goge ta ake yi da tsumma mai tsabta a kife ta, kuma ba kowa ake ba aronta ba.

Wutar waina wuta ce mai natsuwa. Karan hatsi yana kamawa nan da nan ya mutu nan da nan, don haka da shi ake tayar da wuta, amma ƙananan itatuwa ke riƙe ta. Tun daga shekarun 1980 manoman jihar Maraɗi suka rungumi sassaben zamani, wato barin tohon itatuwa a gona ana rage musu rassa maimakon a tumɓuke su, kuma irin waɗannan rassa na sabara da kalgo su ne daidai bakin murhun mai waina. Da ƙafa ko da hannun hagu take sarrafa su, ta tura ɗaya ciki, ta janye ɗaya waje, idonta na kan tanda. Ta san ramukan tsakiya sun fi na gefe zafi, ta san ramin da iska ke bugawa, ta san wanda ke saurin ƙonawa. Kowane rami da irin kulawar da take ba shi.

Yanzu dubi hannunta. Da ƙaramin cokali take zagaya ramukan tana ɗiga man gyaɗa. Ta saurara: in ɗigon ƙullu ya faɗa ya yi cuu a hankali, tanda ta yi. In ya yi shiru, da saura. In mai ya yi hayaƙi, wuta ta yi yawa. Sannan ta ɗauki ludayi ta bi ramukan ɗaya bayan ɗaya, ba ta cika kowanne har baki, domin ƙullu na bukatar wurin tashi. Tana fara zubi ne daga wuri ɗaya ta zagaya ta fuska ɗaya kullum, yadda kafin ta cika na ƙarshe, na farko ya isa juyi. Alamarsa uku ce: gefe ya bushe ya soma ja, kumfa ta fito sama ta fashe ta bar ƙofofi, tsakiya kuma tana nan da ɗan ruwa-ruwa.

Wannan ɗan ruwa-ruwa na tsakiya shi ne sirrin siffar waina. Takan zura bakin cokali ta gefe, ta zagaya da shi ya saki, sannan ta murɗa wuyan hannu sau ɗaya, wainar ta kife a raminta. Ƙullun da bai daskare ba sai ya gangara ƙasa ya cika ramin, ya ɗauki siffarsa, shi ya sa waina ta gari take da tudu sama da ƙasa, da ɗan kaifi a kewaye inda fuskokin biyu suka haɗu. Wadda ta makara wajen juyi za ta sami waina mai fuska ɗaya a shafe. Wadda ta yi gaggawa za ta watsa ƙullu a kan tanda. Tsakanin makara da gaggawa ɗan lokaci ne ƙanƙane, kuma gwana tana kama shi a kowane rami, zagaye bayan zagaye, tana amsa gaisuwa, tana ba da canji, tana tsawata wa yaro kada ya matso wuta.

Kwashewa ma da ƙa'idarta. Waina mai zafi tana fitar da tururi, in aka toshe ta a leda ko a kwano mai matsattsen murfi, sai ta yi gumi, gefen nan mai ƙaras ya saki, tsami ya dawo. Faifai shi ne murfinta, domin yana riƙe ɗumi yana barin tururi ya fita ta saƙarsa. A wannan ƙasa kuwa ba a rasa shi, tunda Gulbin Kaba, kwarin da ya ratsa gundumomin Tasawa da Mayahi, cike yake da goriba da kaba, kuma daga ganyen kabar ake saƙa faifai da tabarma da igiya.

To, sai mahaɗai, kuma na farkonsu yajin ƙuli-ƙuli ne. Ƙasar Maraɗi da Damagaram ta taɓa zama cibiyar gyaɗar Nijar. A shekarun 1950 da 1960 gyaɗa ce babbar hajar da ƙasa ke fitarwa waje, har aka kafa kamfanin SONARA a 1962 domin cinikinta. Farin 1973 da cutar da ta afka wa gyaɗa a 1975 suka karya wannan kasuwa, amma ba su raba gyaɗa da turmin mata ba. Ana soya ta sama-sama, a murje ɓawon, a fece, a niƙa. Niƙaƙƙiyar a zuba ta a turmi, a riƙa ɗiga mata ruwan zafi ana juyawa. Da farko takan yi tauri ta dunƙule har mai kallo ya zaci aiki ya ɓaci, amma in aka ci gaba da juyi sai mai ya soma tsattsafowa ya taru a sama. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. A kwashe, a matse, abin da ya rage shi ne tunkuza, ita ake mulmulawa a soya cikin man da ya fito daga jikinta ta zama ƙuli-ƙuli. Gyaɗa ɗaya ke nan ta ba da man da aka toya waina da shi, ta kuma ba da garin da za a barbaɗa mata.

Dakan yaji bi da bi ake yin sa. Masu tauri ke fara shiga turmi: busasshiyar citta, kimba, kanumfari, masoro. In sun yi laushi a sa barkono da gishiri. Ƙuli-ƙuli shi ne na ƙarshe, domin in ya daɗe ƙarƙashin taɓarya yakan fitar da sauran mansa, yaji ya dunƙule ya ƙi barbaɗuwa. A tankaɗe, a mayar da abin da ya tsaya a rariya cikin turmi, har ya zama gari mai laushi wanda zai manne wa waina ba tare da ya shaƙe mai ci ba.

Miyar taushe ita ce babbar abokiyar waina a ranar biki. Ana fara dafa nama mai ƙashi da albasa, irin ta Galmi in an samu, da daddawa. A nan ƙasar, ban da daddawar kalwa, akwai daddawar batso wadda ake yi da gurguzu, wato ƴaƴan yakuwa, mai ƙarfin ƙamshi da ɗan kaɗan ke isa. A zuba jajjagen tattasai da tumatir, a sa kabewa ta dahu har ta narke a dame ta, a kawo dakakkiyar gyaɗa ta ɗaure miyar. Ganye ke shiga daga ƙarshe, alayyafo da ƴar yakuwa, don kada su dahu su mutu. Kaurinta ake auna wa da waina: ta kama jikinta ta zauna, kada ta tsiyaye, kada kuma ta yi nauyin da waina ba za ta sha ta ba. Ga kuma romon kai da ƙafa ga mai son ruwa-ruwa, ga tsire daga tukubar mahauta, na rago ko na jar akuyar nan da aka san ƙasar Maraɗi da ita, ga zuma da man shanu ga tsofaffi, ga sukari ga yara.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda gwana ke sauya wainar kanta gwargwadon abin da za a ɗora mata. Wadda za a ci da miya ko romo, takan rage mata sukari, ta bar mata ɗan tsami, ta kuma bar ta a rami ta ƙara ja, don ta sha ruwa ba ta wargaje ba. Wadda za a ci da zuma ba ta son albasa, gishirinta ma kaɗan ne. Wadda za a barbaɗa wa yaji takan ƙara mata ɗigon mai bayan juyi don garin ya sami abin kamawa. Daga tukunya ɗaya, a ƙwarya daban-daban, take fitar da su. Ba ta kuma yarda a zuba miya a kan waina tun a cikin gida. Kowanne a kwanonsa yake fita, na malamai da dattawa daban, na mata daban, na yara daban, haɗuwar waina da mahaɗi sai a hannun mai ci.

Akwai gajeriyar hanya, kuma ana bin ta. A tsallake surfe, a bar tsaki, a kwaɓa gari da rana tsaka a cika shi da yis, a hura wuta sosai don a gama da wuri. Abin da zai fito yana da siffar waina daga nesa, amma a karya shi a gani: baya ya ƙone, ciki ɗanye, ba ƙofofin da za su sha miya. Wainar gwana in ka raba ta biyu, cikinta kamar saƙar zuma yake, ƙofa kusa da ƙofa tun daga wannan fuska har waccan, kuma kowace ƙofa shaida ce ta wani aiki da aka yi a kan lokacinsa. Wanda ya tashi da hantsi ya tarar an kife tanda yakan ce mai wainar nan ba ta yi da yawa. Bai san tun jiya da rana take tsaye ba.

Da wannan tanda mata da yawa ke zubin adashi, su sayi akuya, su haɗa wa ɗiya kayan ɗaki, su ciyar da gida a watannin da rumbu ya yi ƙasa. Da ita ake fitar da sadakar Juma'a, da ita ake buɗa baki da azumi. Ranar babban biki kuwa tanda uku ko huɗu ake jerawa, maƙwabta su kawo gudummawar hannu, amma mace ɗaya ce ke riƙe da tukunyar ƙullu, kuma kowa ya san dalili.

Ilimin ba a rubuce yake ba, a tsugune ake karɓar sa, mataki-mataki. Yarinya takan fara da tura itace. In ta san wuta, a ba ta cokalin mai. Daga nan kwashewa, daga nan zubi, sannan juyi, wanda sai ta ɓata da dama kafin wuyan hannunta ya gane. Ruwan kanwa shi ake miƙa mata daga ƙarshe. Za ta ɗiga ta juya, ta ɗago kai ta ce, “Inna, ya isa?” Uwar ta ce, “Ɗanɗana ki gaya mini, ɗiyata.” Ta ɗanɗana ta faɗi, uwar ta lakata ta tabbatar, ko ta ce a ƙara ɗigo biyu. Haka za su yi ta yi, bazara da damina da hunturu, har ranar da uwar za ta ji amsar ta ci gaba da abin da take yi ba tare da ta miƙa yatsa ba. Daga ranar yarinya ta zama mai waina, kuma ba a jimawa maƙwabta za su fara aiko mata da tiyoyin hatsi in suna ya taso.